Bazazzagi Ya Zazzage Taskarsa

Malam Bazazzagi, ina gaisuwa, irin wadda ubangida ke yi wa baransa in ya kwana biyu bai zo share ƙofar gida ba.

Labarinka ya riga ɗan aikenka isowa. A majalisarmu ta gindin darbejiya aka ce tun da ka ajiye alli ka karɓi kuɗin sallama, ka shiga gari gida-gida kana sayen tsofaffin sulalla a hannun gyatumai, har Tumfafi da Ganduje an gan ka a kan keke. Na ce ƙarya ne, shekara talatin kana shan ruwan Dawakin Tofa ai ta isa ta wanke maka Zazzaganci. Ashe kyakkyawan zato na yi maka.

Da na je, ka sakaya ƙofar zaure, ka leƙa ta taga ko da mai laɓe, ka shimfiɗa darduma, sannan ka ɗauko gwangwanayen madara uku. Bazazzagi ya zazzage. Ka dube ni ka ce, "Ka ga jari." Na duba, na ga anini da ɗari da kwabo mai huji, ga taro, ga sisi, ga sule, ga fataka. Na ce a raina, Allah sarki, mutumin nan ya tara dukiyar da za ta biya harajin unguwa guda, in da a zamanin En'e muke.

Gaskiya ɗaya ce, ko a bakin Bazazzagi ta faɗo: ka san tarihin kayanka. Ka nuna mini anini na 1907, mai tauraro da rubutun Larabci, mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa saboda da sanholo aka buga shi. Ka ce goma irinsa ke yin kwabo. Ka nuna mini sulen 1913, na farkon zubin hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a 1912, lokacin ana buga shi da azurfa ta gaske, kafin a koma tagulla a 1920. Ka jera kwabban 1973, shekarar da naira ta kori fam, ka ɗaga mai kwabo 25 kana nuna mini dalar gyaɗa a bayansa. Malam, dalar gyaɗar ta Kano ce. Ko a cikin gwangwaninka arzikinmu kake ajiya.

Inda muka rabu shi ne wurin farashi. Ka fito da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya ajiye sarautar Ingila kafin ya cika shekara saboda wata bazawara Ba'amurkiya, ka ce wannan kaɗai zai kai ka Makka. Miliyoyinsa aka buga, Malam. Masu sayar da kayan tarihi a kasuwar Kurmi a faranti suke zuba irinsa. Kai da sarkin duk abu ɗaya ya same ku, kowa ya saki na hannu saboda soyayya.

Sai liyarinka, wanda ka naɗe a ƙyalle uku kamar laya. Ka nuna mini 1780 a jikinsa, ka ce ya girmi jihadin Shehu. Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya a 1780 ta rasu, tun daga nan duk liyarin da aka buga shekarar nan ake sa masa, don fatake ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. An buga shi a Landan da Faris da Rum da Bambai, a Biyana kuwa har gobe ana bugawa. Mai yiwuwa ka girmi naka. Da a 1851 ne, lokacin da Bature Barth ya shigo Kano, da ka canza shi wuri 2,500 ka cika taiki. Yau darajarsa tana cikin nauyinsa, giram 28, kuma mafi yawansa azurfa. Shi ne a cikin taskarka maƙerin fari zai fara tashi tsaye dominsa, ya narke shi ya yi wa amarya awarwaro.

Abin da ya kusa sa ni kuka shi ne da ka ce kowace Juma'a kana dirje su da toka da lemun tsami don su yi ƙyalli. Masu wannan sha'awa a duniya abu uku suke biya wa kuɗi: ƙarancin abu, da lafiyar jikinsa, da ƙarfen da aka yi shi da shi. Wanda aka dirje ya faɗi a idonsu, ko da ya fi madubi ɗaukar ido. Ƙarancin babu, lafiyar ka kankare ta da hannunka. Haka Bazazzagi ke kiwo, ya sayi akuya ya aske ta.

Ka tuna farkon 2023, da takardar kuɗi ta ɓace bayan an sauya fasalin naira? Ka cika aljihu da ƙwandaloli masu naira biyu, zubin 2007 masu hoton Majalisar Tarayya, ka tafi wurin mai shayi kana cewa doka ba ta soke su ba. Gaskiyarka, ba ta soke su ba. Mai shayi ya juya ɗaya, ya miƙo maka, ya ce ka kai wa dokar ta haɗa maka. Ni na biya. Ban manta ba, a rubuce yake.

Da ka waiwaya cikin gida, da ka ga mai jarin gaske. Hajiya, 'yar garin nan, wadda kake ce mini "matana ya dawo daga Makka da sarƙa", ita ta gane karatun. Zinariya ba ta buƙatar hoton sarki, sikeli kawai take sauraro. Abin da ya sa Afirka ta Kudu ta fara buga Krugerrand a 1967 ke nan, kowane ɗaya da oza guda ta zinariya a ciki, kimanin giram 31, don a saya a ajiye. Oza ta haura dala 2,000 a 2020, ta haura 4,000 a 2025. Sarƙar Hajiya tana kwance a adaka tana hawa, naira tana sauka. Ita ma da nata ciwon kai: in za ta sayar kuɗin ƙira ya tafi, akwai jabu, akwai ɓarawo, farashin kuma yakan faɗi. Wanda ya tara zinariya don ajiya har ta kai dinari 20, wajen giram 85, ta shekara a hannunsa, zakka ta hau kansa, ɗaya cikin arba'in. Kai kam ka huta. Malamin da ya fi kowa tsanani ba zai ce zakka ta hau gwangwaninka ba.

Ga Dawanau nan a ƙaramar hukumarmu, kasuwar hatsin da manyan motoci ke lodi zuwa Nijar da Cadi da Kamaru. Da kuɗin sallamar nan ka sayi wake ko riɗi da kaka, ko ka ɗaure raguna biyu zuwa Layya, da yanzu muna maganar riba ko faɗuwa kamar manya. Ko asusun ƙasa da maginan tukwanenmu ke yi ya fi ka dabara, shi in an fasa ana samun abin cefane.

Ka ce mini da tsohuwar zuma ake magani. To, a nan zan rage murya, kada Kanawa su ji ina yabon Bazazzagi. Da na ɗauki kwabon nan mai huji, sai na tuna kakata tana kwance bakin zane ta ciro irinsa ta ba ni na sayi ƙuli. Jikokinmu suna cewa "ba ni da ko sisi", suna cewa "ko anini", ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Kai kana da su. Ka daina dirza, ka jera su a allo, ka rubuta shekarar kowanne, ka kai makarantar da ka koyar yara su taɓa da hannunsu. Can ne ribarsu take. Malamin makaranta ne kai, ka bar wa Bakano kasuwa.

Saura magana ɗaya. Watan Cika-ciki na tafe, kuma shekara talatin muna gardamar wane ne ubangidan wani. Bana na sallama, kai ne ubangida. Ubangida kuwa shi ke biyan kuɗin shara. Kada ka wahalar da kanka ƙirga anini. Ka miƙo liyarin nan, na ƙyalle uku, in cire kuɗin shayina, canjin kuma in ba ka da ƙwandala mai naira biyu, tun da doka ba ta soke ta ba.