Attajiran Benci

A kusan kowace unguwa ta Kano akwai wani benci kusa da mai shayi, inda ake buɗe kamfanoni bayan sallar isha'i, a kuma rufe su kafin a watse. A nan za ka tarar da bawan Allah da ya shekara da shekaru yana shirin fara kiwon kaji. Ya san kuɗin buhun abinci, ya san lokacin rigakafi, har sunan gona ya raɗa. Ɗan tsako ne kawai bai taɓa saya ba.

Tambaye shi dalili, sai ya gyara zama. "Ai ka ga dala ta tashi." In ta ɗan sauka, sai ya ce a bari a ga kamun ludayin gwamnati. Da hunturu sanyi na kashe kaji, da bazara zafi na kashe su. "Bayan salla, in sha Allahu." Wace sallar, ba ya faɗa.

Shi zai ce maka asara yake tsoro. Ni ban yarda ba. Bakin mutane yake tsoro. Mai digiri sukutum a gan shi a Dawanau yana auna wake da tiya? Me abokan bautar ƙasa za su ce? Gara ya ci gaba da yawo da fayil daga sakatariya zuwa sakatariya, takalmi na cinyewa, domin talauci cikin guga ya fi masa mutunci.

Benci kuwa ba ya rasa masana. Akwai wanda ko allura bai taɓa sayarwa ba, amma yana riƙe da tarihin duk wanda ya karye tun zamanin soja. Ka ce POS, ya ce kowane lungu akwai lema uku. Ka ce Kantin Kwari, ya ce sai da ubangida. Ka ce waya a Farm Centre, ya ce yaran can za su sayar da kai kana tsaye. Kuskure ka ambaci Ɗangote, wanda ya fara a 1977, nan take a rufe ka da baki: "Ai shi jinin Ɗantata ne!" Gaskiya ne. Sai dai ba mai tuna cewa Alhassan Ɗantata ɗin kansa fataucin goro ya yi har ƙasar Gwanja, lokacin da babu waya balle taransifa, kafin gyaɗa ta ɗaga sunansa.

Ana cikin wannan muhawara, Iya mai ƙosai ta ɗauki adashinta, ta sayo wake da mai, ta ɗora kasko. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ba ta buga tambari ba. Matan aure kuma suna cikin ɗaka suna sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp. Masanan benci suna kiran wannan "'yar sana'ar mata", alhali wasunsu daga ribarta ake ranta musu kuɗin data.

To, a ce ka yi ta maza ka buɗe shago. Masu cewa za ka karye su ne za su fara zuwa Allah-sanya-alheri, kowa ya ɗauki kaya ya ce, "Rubuta, ƙarshen wata." Ga 'yar'uwa da bikinta ya matso, ga kawu da zai tuna maka a hannunsa aka yanka ragon sunanka. A nan ne ake neman ƙarfin halin gaske, don shagon da kara ta cinye ya fi wanda dala ta cinye yawa, a ganina.

Saboda haka ɗan'uwa, ranar da kawu ya shigo, ka durƙusa har ƙasa, ka tambayi iyali da gajiya, ka miƙa masa ruwa mai sanyi kyauta. Sannan ka faɗa masa kuɗin sukari.