Jinjina ga Sarkin Awon Mazan Jiya

Yabon gwani ya zama dole, kuma an daɗe ana danne haƙƙin wani gwani a ƙasar nan. Makaɗa sun wasa sarakuna, sun wasa attajirai, sun wasa 'yan dambe da 'yan siyasa, amma har yau ba a sami wanda ya rataya kalangu ya tsaya ƙofar tsarin da ke auna raunin tsofaffin sojoji kafin a biya su diyyar nakasa ba. To, yau ga mu. Ranka ya daɗe, Sarkin Awo, gagara-gasa, dutsen da ba a turewa, mai fadar da ba a isa da ƙafa ɗaya, malamin masu haƙuri, wanda ya ga jiya ya ga yau bai sauya ko hula ba. Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi, talakawan 'Yandaka da na Maradi, hakimanmu, mun kawo gaisuwa.

Girman sarauta daga asali ake gane shi. Kakanninmu sun tafi Yaƙin Duniya na Biyu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza a dazukan Boma, har yau barikin horar da kurata na Zariya sunan mayaƙan can yake amsawa, Chindit. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Yayyenmu sun shiga Laberiya a 1990 da rundunar ECOMOG, suka zarce Saliyo, wasu suka ga Darfur. Ƙannenmu tun 2009 suke fama da Boko Haram, daga Maiduguri zuwa Sambisa zuwa bakin Tafkin Chadi. Yanzu ma yaƙin ya rage mana hanya ya taso ƙofar gida, ga dajin Rugu nan yamma da mu, bayan Safana da Batsari. Makamai sun sauya, raunuka sun sauya, nakiyar da ake binnewa a hanya ta zo da irin ɓarnar da mazan Boma ba su san ta ba. Dokar fanshon sojoji kuwa, wadda asalinta dokar mulkin soja ce ta 1979, tana nan zaune bisa buzunta, rawani bai karkace ba. Wannan shi ne dattako.

Masu hassada suna cewa Sarkin Awo bai iya duba jiki ba. Su je su ga ranar ɗaukar kurata. A ranar, hukuma da kanta take tattaki zuwa kowace jiha, ta kafa rumfa, ta jera samari. A gwada tsawo, namijin da bai kai mita 1.68 ba ya koma gida. A duba ido, a duba haƙora, a ɗebi jini da fitsari, a ɗaga tafin ƙafa a gani ko shimfiɗaɗɗe ne, a haɗa gwiwoyi a gani ko akwai gwame. Mai sayen san huɗa a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma bai kai su ƙwaƙƙwafi ba. Ashe ƙwarewa tana nan, kayan aiki suna nan, hanyar zuwa jiha ma an san ta. Sai bayan shekara ashirin, yaron nan ya zama magidanci, ya dawo da ƙarfe a cinya da kunnen da ba ya jin kiran salla, sannan tarbiyyar Sarkin Awo take bayyana. Ɗan mutunci ne, ba ya ƙura wa babba ido. Ta yaya zai bi dattijo har gida yana cewa “Baba, ɗaga rigarka mu gani”? Kunya ta hana. Sai ya koma can nesa ya zauna, ya sunkuyar da kai, wanda ya matsu ya same shi.

Nisan nan kuwa shi ne gwanintar da ta fi kowace. Hukumar Fanshon Sojoji tana Dutsen Alhaji a Abuja. Babban asibitin soja da ake tura manyan larurori daga wannan yanki shi ne 44 na Kaduna, tafiyar kusan kilomita 300 daga Dutsin-Ma. Tsohon kofur na Kurfi zai hau mota ya sauka Dutsin-Ma, ya kama hanyar 'Yantumaki, ya ratsa Ƙanƙara, garin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020, ya faɗa Funtuwa, ya bi Zariya, sannan Kaduna. Gurgu ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota ya zama biyu, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abin da kujera ɗaya take ci. Ga kwana, ga abinci, ga “likita bai shigo ba, a dawo mako mai zuwa”. Jahili zai kira wannan wahala. Mai ilimi ya san awon ne aka fara tun daga tasha. Wanda ya jure ramukan hanya, ya tsallake masu tare ta, ya isa da ransa ya kuma iya tsayuwa a layi, ai ya nuna da sauran ƙarfinsa, nakasarsa ba ta kai yadda yake faɗa ba. Wanda ya kasa zuwa kuwa bai nemi komai ba, ba kuma a hana shi komai ba. Likitocin duniya suna kashe dukiya kan na'urori, namu gwanin ya ɗora aikin a kan kwalta, ita kuma ba ta karɓar albashi.

Allah ya ja zamaninka, mai kundin da gara ke yi wa fadanci, ma'ajin fayil, wanda takarda ta fi masa jini daraja. Diyya ba ta fita sai kwamitin likitoci ya shaida cewa raunin a bakin aiki aka same shi, ya kuma yanka masa mizani. Shaida kuwa takarda ce, wadda aka cike a lokacinta, mai sa hannun wanda ya kamata. Adalcin da ke cikin wannan sai mai zurfin tunani. A daren da aka afka wa sansanin soja na Metele a Nuwamban 2018, sojan da ɓaraguzan bam suka shiga ƙugunsa ya kamata ya tuna da gobe, ya dakata, ya nemi magatakarda da hatimi, ya tabbatar an rubuta lambarsa daidai kafin ya suma. In ya yi sakaci ya bar abokansa suka ja shi cikin duhu ba tare da fom ba, laifin wa? Tabo ba hujja ba ne, ranka ya daɗe, kowa na iya samun tabo, ko faɗowa daga kan jaki ma tana barin tabo. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin Awo ya gyara wannan tsohon kuskure: fayil ne ya san inda mai ɗaki ke yoyo, in kuma fayil ya ɓata, ɗakin ba ya yoyo.

Sai babbar baiwa, wadda ake rusunawa kafin a ambace ta, wato tsantsenin gwanin game da abin da ido bai gani ba. Akwai mazan da suka dawo da gaɓoɓinsu cif, ba abin da ya ragu. Sai dai in tayar mota ta fashe a tasha su kwanta ƙasa. Ba sa zama inda bayansu ke kallon ƙofa. Tsakar dare sai ihu, sai kiran sunan wanda aka binne shekaru goma da suka wuce, uwargida ta kwashe yara ta kai ɗakin kaka. Da safe mutum ya fito shiru, ya zauna gindin bedi, abin da bai kai ya kawo ba ya hau faɗa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo, suna da sunansa da maganinsa, ga asibitinsu a Barnawa ta Kaduna, ga wani a Kware ta Sakkwato, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Amma hoton ƙashi ba ya ɗaukar mafarki, kuma gwani ba ya shaidar zur. Abin da bai gani ba ya bar wa Mai gani. Dubi alherin da ya biyo baya: an rufa wa namiji asiri, ba a rubuta masa taɓin hankali a takarda ba, dangi sun ce iska ce, masu ruƙiyya da masu turare sun sami abin sawa a baka, uwargida tana ta tara ladan jinya, baitulmali ko kwabo bai yi ciwon kai ba. A nuna mana wani tsari da ya taɓa faranta wa ɓangarori da yawa haka a lokaci guda.

Haka nan gwanin bai yarda da tsufan ciwo ba. Gwiwar da aka duba ranar sallama ita ce gwiwa, ko da hunturu talatin sun bi ta kanta, ko da ɗingishi ya karkatar da ƙugu, ƙugu ya ja baya. Mai son a sake dubawa ga hanya nan, ba a toshe ta ba.

Kada kuma a ce ba a damu da lafiyar mazan jiya ba. Akwai awon da ba a wasa da shi, shi ne tantancewa. Lokaci-lokaci a kira 'yan fansho, a duba lamba, a duba hoto, a duba yatsa, domin a tabbatar mutum yana numfashi, kada matacce ya ci kuɗin gwamnati. Nan za ka ga himma, nan za ka ga sanarwa da wa'adi, wanda bai bayyana ba a tsayar da alat ɗinsa. Tambayar “kana raye?” ana yin ta a kai a kai, da ƙwazo da tsare gida. Tambayar “ina ke maka ciwo?” kuwa shisshigi ce cikin sirrin mutum, ɗan halak ba ya yin ta. Masu son zamani suna murna wai komai zai koma waya da intanet. Mu ma mun yi murna, musamman da muka tuna Satumbar 2021, lokacin da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni ana hawa mota zuwa inda za a ce “salamu alaikum”.

Abin tausayi Amurka. Can ma'aikata guda aka ware wa tsofaffin sojoji, tana yanka nakasa daga sifili zuwa kashi 100, goma-goma. Tana ɗaukar hayar likitoci masu zaman kansu domin a duba mutum kusa da gidansa, har da biyan kuɗin hanya. In hujjoji suka yi kunnen doki, dokarsu ta ce a ba tsohon soja gaskiya. A Agustan 2022 Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar PACT, wadda ta ce sojan da ya yi aiki inda ake ƙona shara a ramuka, kamar Iraƙi da Afganistan, in ya kamu da wasu cututtukan huhu ko daji, a ɗauka aikin ne ya jawo, ba sai ya kawo shaida ba. An sangarta su, shi ya sa har gobe suke ƙorafi wai ana duba su a gaggauce. Ina ladan haƙuri? Ina tawakkali? Namu mazan an bar musu ƙofofin lada a buɗe, kowace da layinta.

Kuma ana girmama su, kowa shaida ne. Duk 15 ga Janairu manya sukan sa fararen kaya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a maƙala bajo a ƙirji. A 2023 sojojinmu masu rauni sun je gasar Invictus a Jamus, ƙasarmu ce ta farko daga Afirka da ta shiga, suka dawo da zinare. A Mayun 2024 Yarima Harry na Ingila ya zo har asibitin 44 ya gaisa da majinyata, hotuna suka yi kyau. Su kansu mazan jiyan sun taimaka wajen wanke gwani. A Satumbar 2022 sun shimfiɗa tabarmi suka kwana ƙofar Ma'aikatar Tsaro a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, a Disambar 2024 da Janairun 2025 suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi. Dattijon da ya iya kwana kan siminti cikin sauro, wane likita ne zai ce masa ba shi da lafiya?

Saura gargaɗi, domin mun ji wasu 'yan ba-ni-na-iya suna kitsa makirci. Wai kwamitin likitoci ya riƙa zagayowa, ya zauna a Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi ko da sau biyu a shekara, ko a sahale wa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ya yi awon, tunda ga Birget ta 17 ta soja nan kusa da shi. Wai a sa likitan ƙwaƙwalwa da mai awon ji a kowane zama. Wai in fayil ya ɓata a hannun hukuma, hukuma ta nemo shi, a kuma karɓi shaidar waɗanda aka yi daga tare da su. Har da cewa a ba mutum kwafin sakamakonsa a hannu, a faɗa masa dalili da Hausa, a buɗe masa hanyar ɗaukaka ƙara, a sake duba shi in ciwo ya ci gaba, a biya masa kuɗin mota shi da ɗan rakiyarsa. Subhanallahi! In aka yi haka kowane mai rauni sai ya sami haƙƙinsa, tun yana da rai ma.

Muna roƙon mai girma ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi, da shugabannin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion a jiha, da hakimanmu iyayen ƙasa, kada wanda ya tayar da wannan magana a zauren majalisa ko gaban Ministan Tsaro. Kai kuma Baba Saje, da ka bar ƙafarka a Borno kake son a tabbatar maka a rubuce cewa babu ita, ka sayar da akuya ka nemi ɗan rakiya. Motar Funtuwa da sassafe take tashi.