Mutanen Bakin Wof

Kafin ka ga teku a Apapa sai ka ga direbobin tirela, don sun cika hanya tun daga gadar Ijora. Direban wof ya daɗe da daina zama matafiyi. Ya shanya wanki a jikin mota, yaron mota ya ɗora tukunya a ƙarƙashinta, an shimfiɗa tabarma ana karta. A 2021 aka kawo manhajar Eto don a riƙa kiran motoci bi da bi. Tambayi direban, zai nuna maka wayarsa ya ce shi kam an kira shi, motocin gabansa ne ba su ji kiran ba.

Ajan mai fitar da kaya kuwa kullum a guje yake, waya biyu a hannu, jaka cike da takardu. Maganarsa ɗaya ce: "Gobe, Alhaji." In kwastan sun sa hannu, saura kamfanin jirgi. In kamfanin ya sa, intanet ta ɗauke. Shi kuma Alhajin, ɗan Kantin Kwari ne, kwantenarsa ta yadi ta iso daga Sin tuntuni, kuma duk kwanan da ta ƙara a tashar kuɗin ajiya hawa yake. Yana ta jan carbi, Allah kaɗai ya san ko tasbihi yake ko lissafi.

Wanda na fi so shi ne tsohon lebura. Kowace hira sai ya mayar da ita 1975, shekarar da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a tekun Legas wata da watanni, har wani simintin ya daskare a cikin jirgi. Wannan cunkoso ne ya sa aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse shi ya ba gwamnati shawarar.

Ɓeran wof, wato ɓarawon tashar, ba shi da katin shiga, amma babu ƙofar da ba ta san shi ba. Motar tokumbo ta sauka da rediyo, ta fita ba rediyo.

Sai baƙo ɗan Arewa, wanda ya rako ɗan'uwansa. Ya ɗaga kai yana kallon ƙugiyar da ke sauke kwantena har hularsa ta faɗi, sannan ya dubi ruwan ya ce, "Yaya, duk wannan ba mai noman rani da shi?"