'Yan Rakiyar Sayen Amfilifaya

Kwamitin masallacin da ya tara kuɗin amfilifaya a Gaya, da malamin Islamiyyar da ke shirin saukar ɗalibai a Ajingi, da saurayin da ya sayar da tinkiyarsa don ya fara sana'ar DJ, duk kukansu ɗaya ne: kuɗin bai kai ba. Ba ƙarya suka yi ba, don tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 kayan sauti suka yi tashin gwauron zabi, tunda kusan duk daga waje ake shigo da su. Amma a ganina ba ƙarancin kuɗi ke sa a dawo daga Kano da kayan da ba za su ga azumin baɗi ba. 'Yan rakiya ne. Abu uku ya kamata su yanke wa mai ƙaramin ƙarfi hukunci: girman wurin da za a yi magana, irin wutar da yake samu, da ko akwai mai gyara a kusa. To kafin mota ta haye gadar Wudil sai ka tarar 'yan rakiya sun binne ukun nan a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa ashirin.

Sarkinsu shi ne Mai Wat. Wannan bawan Allah tambaya ɗaya ya iya, da ita kuma yake sallama a kowane shagon kayan lantarki na Sabon Gari: "Alhaji, wat nawa ce?" Ba ya tambayar kamfani, ba ya cewa a kunna a ji. Kwali yake nema. In ya samu sai ya yi ta juya shi har ya kai kan tauraron nan rawaya da aka rubuta 5000W a cikinsa, ya dafa shi da yatsa, ya waiwayo ya dubi liman da idon wanda ya gama kawo hujja. In mai shago ya sauko da Ahuja ta Indiya mai wat 120, irin wadda ta shekara da shekaru tana aiki a masallatan ƙasar Hausa, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai ko 'yan sahun baya ba za su ji kabbara ba." Ya haddace wat ɗin amfilifayar kowane masallaci a garin, da su yake auna arzikin unguwanni, kuma har yau bai yafe wa unguwar da ta fi tasu da wat ɗari biyu ba. A zaman makoki ma, in aka yi shiru ya yi tsawo, yana iya sako maganar. Ba shi da mugun nufi, a aljihunsa yake biyan kuɗin motarsa, burinsa kawai a kira Asuba a Gaya mutanen Wudil su tashi alwala.

Matsalarsa ita ce bai taɓa karanta ƙananan haruffan da ke ƙasan tauraron ba, wato PMPO. Wannan ba ma'auni ba ne da masana suka amince da shi. Kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai burge mai saye. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne RMS, wanda ke nuna ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta ƙone ba. Hujjar kuwa tana manne a bayan amfilifayar, kusa da inda wayar wuta ta shiga, inda aka rubuta yawan wutar da take sha. Sai ka ga mai wat dubu biyar a kwali tana shan wat tamanin a bango, alhali na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Ko da lambar gaskiya ce, kunne ba ya lissafi irin na Mai Wat. Ninka ƙarfi sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Abin da ke kai murya nesa shi ne irin lasifikar da inda aka kafa ta. Lasifikar nan mai baki kamar kakaki da ake ɗaurawa a kan soro galibi wat 30 zuwa 60 take ɗauka, amma guda biyu da aka ɗaga sama aka fuskantar da su daidai sun ishi unguwa.

Za a ce ai gara a sayi mai rara, don ranar Idi da Maulidi da tafsirin azumi jama'a na ninkuwa. Akwai gaskiya a nan. Amfilifayar da kullum ake ƙure wa murya tana fitar da sauti mai tsatsa, kuma wannan tsatsar ce ke dafa kwayil ɗin lasifika, saboda haka ɗan rara yana da amfani. Haka shi ma DJ mai kiɗan fili, wanda bes ke cin ƙarfi, yana buƙatar abin da ya fi na ladan nesa ba kusa ba. Amma rara daban, sayen tirela don kai buhun gero ɗaya kasuwa daban. Taron da ake yi sau biyu a shekara haya ake ɗauko masa, ba a sayen kayansa a girke. Sannan babbar amfilifaya ta gaskiya wuta take ci, ƙaramin janaretan da yawancin masallatan unguwa ke da shi kuwa wat ɗari shida da 'yan kai yake bayarwa, a ciki har da fankoki da ƙwayaye. Inda wutar KEDCO ke zuwa tana tafiya, in ta zo ma wani lokaci ba ta da ƙarfi, amfilifayar da ke karɓar batirin mota ta fi ƙatuwar da za ta yi shiru ana tsakiyar huɗuba.

Makaɗan jita na duniya, waɗanda suka fi kowa jayayya a kan wannan na'ura, sun daɗe da gano haka. A wajen 1965 ne kamfanin Marshall na Ingila ya fara ƙera mai wat ɗari, don a lokacin makaɗi da amfilifayarsa yake cika babban zaure. Yau da ake ajiye makirfo a gaban ƙaramar amfilifaya a tura sautin cikin manyan lasifikoki, da yawansu wat 15 zuwa 30 suke nema, masu ɗarin kuma suna kuka da nauyi. A Nijar, 'yan jitar Agadas sun shekara suna raya bukukuwa da ƙananan amfilifaya da batir ko ɗan janareta, daga cikinsu kuma aka samu irin su Bombino da duniya ta sani. Wani ɗan jitar Nijar ma, Mdou Moctar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Bayan Mai Wat sai Mai Tsohon Ƙarfe, wanda nake ganin girmansa ko da yana ɓata wa mutane lokaci. Shi da hannu yake saye. Zai ɗaga amfilifaya ya jijjiga ta, in ta yi nauyi ya gyaɗa kai, in ba ta yi ba ya ajiye ya ce leda ce. A Gaya, garin da tarihi ya ce maƙeransa ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙa, ba a yi wa mai auna ƙarfe dariya da yawa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: a tsofaffin kaya nauyi yana nufin babbar taransifoma da jan ƙarfe na gaske. Sai dai sababbin ƙira na yanzu suna bayar da ƙarfi mai yawa ba tare da nauyi ba, ga shi kuma ba wuya a ƙara wa akwati nauyi don irinsa. Shi ne mai rantsuwa da ɗan Kwatano, Peavey ta Amurka ko TOA ta Japan, kuma sau da yawa tsohuwar orijina ta fi sabon jabu. Abin da yake mantawa shi ne kayan da aka yi don Amurka wutar bolt 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. In aka jona ba tare da mai rage wuta ba, ɗan hayaƙi ne zai fito a yi salati.

A cikin zuriyarsa akwai wanda ya yi nisa, mai begen amfilifaya mai kwalabe, irin rediyon kakanni da sai ta ɗumama kafin ta yi magana. Zai ce maka tun da aka ƙirƙiro tiransisto a 1947 murya ta rasa zaƙi. Ga mai kaɗa jita maganar tana da tushe, don kwalaben in an matsa musu suna gurɓata sauti ta hanyar da kunne ke so. Amma ladan ba gurɓataccen sauti yake nema ba. Kwalaben suna zafi, suna tsufa, suna fashewa a hanya mai gargada, kuma masana'antu ƙalilan suka rage masu yin su, galibi a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Yukiren ya tashi a 2022 har makaɗan Turai da Amurka sai da suka yi ta nemansu ido rufe. Ƙari a kan haka, in aka kunna irin wannan aka yi kiɗa ba a jona mata lasifika ba, taransifomarta na iya ƙonewa. Mutum ya tambayi mai gyaran rediyon unguwarsu ko yana da kwalba ko ɗaya a shagonsa kafin ya ba wannan mai begen kuɗinsa.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Mai Eko, wanda bai yarda an yi sanarwa ba sai kowace kalma ta dawo sau huɗu, har a tashi daga sanarwar jana'iza ba a san wanda ya rasu ba. Akwai Mai Fitilu, wanda in gaban na'ura yana walƙiya da shuɗi da ja ya gama ciniki. Akwai Mai Ƙara Ɗaya, da duk wata sai ya ɗaura sabuwar lasifika a waya guda. Biyu masu om 16 sun zama om 8, huɗu sun zama 4, takwas sun zama 2, amfilifaya ta yi zafi ta mutu, ya ce jabu aka sayo. Akwai mai ɗan'uwa a kasuwar Alaba ta Legas, wanda kullum zai samo ta a rabin kuɗi, kuma kullum wayar ɗan'uwan a kashe take. Sai kuma Mai Ilimin Takarda, da zai tsare jama'a da RMS da om da bolt, alhali bai taɓa riƙe ƙarfen like waya ba, sau da yawa ma bai zuba ko sisi a asusun ba. Irinsu sukan ƙare da yin rubutu a mujalla.

Duk waɗannan ana iya zama da su a sha shayi. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Ɗan Kamasho. Shi ba jahilci ke damunsa ba, ya fi kowa sanin kaya. Shi ne mai cewa, "Baba Liman, ku huta, ina da mutum a France Road," ya riga kowa zuwa shagon, ya shirya da yaron shago a kan rasit biyu, ya sa a ba jama'a jabu mai tambarin orijina a kuɗin orijina. Wannan kuɗin kuwa an san yadda aka tara shi: naira ɗari biyu daga mai sayar da ƙuli-ƙuli, kwanon wake daga manomi, ɗan abin da tsohuwa ta ƙulle a bakin zane ta aiko jikanta da shi don a sa ta a lada. Bayan wata uku kaya sun ƙone, shi ne kuma na farko da zai miƙe bayan sallah ya ɗora wa wutar lantarki laifi, ya nemi a sake karo-karo, ya sake tayin zuwa Kano. Masu kare shi suna cewa ai ya yi wahala, ladan ɗawainiya ne. In ladan ɗawainiya ne a faɗe shi a gaban jama'a, a yanka masa, ba wanda zai hana. Abin da aka ɓoye a cikin rasit sunansa cin amana, kuma ɓarnarsa ta wuce amfilifaya, domin ranar da aka zo neman kuɗin rufin aji ko gyaran rijiya mutanen da aka cuta hannunsu ba zai sake shiga aljihu da sauƙi ba.

Ga kwamitocin Gaya da Ajingi da ke shirin tafiya: ku ɗauki mai gyaran rediyon da zai riƙa duba kayan, ku biya masa kuɗin mota da na yininsa, ku tafi da lasifikarku ɗaya a gwada a shago ta yi rabin awa tana aiki, a dafa bayanta a ji zafinta. In kun dawo, a karanta rasit ɗin a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, da sunan shago da lambar wayarsa. Mai Wat yana iya zuwa, amma a ba shi riƙon kwali.