Masu Duba Aikin Wani a Ofisoshin Manhaja na Libreville

A Libreville ma, mai rubuta manhaja ba ya taɓa rumbun bayanai sai abokin aiki ya duba gyaransa. A ɗauki manhajar otal: baƙo ya kama ɗaki daga 3 zuwa 7 ga wata. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ta iya ajiye irin wannan tazara tun 2012, a 2013 kuma aikin Alexander Korotkov ya ba ta ƙididdigar inda tazarori ke farawa, inda suke ƙarewa da tsawonsu. Da wannan take zaɓar hanyar bincike, in ƙiyasin ya karkace aikin daƙiƙa ɗaya sai ya ci mintuna. Masu dubawar kuwa, kowa da halinsa.

Akwai Malam Waƙafi. Ko lissafin ya kife da ka, shi bai gani ba, amma a bar gurbi biyu inda ya kamata a bar ɗaya, yau ba mai tashi aiki.

Alhaji Ya-Yi kuma a cikin tasi yake duba nasa, a cunkoson kasuwar Mont-Bouët. Kafin mota ta gusa ya rubuta «c'est bon» a wayarsa, ya koma sauraron rediyo.

Sarkin In-Fa shi ne ciwon kai. In fa tazarar babu komai a cikinta? In fa baƙo ya shiga, ba a sa ranar fitarsa ba? Ana ta tsaki, alhali yana da gaskiya: PostgreSQL kanta daban take ƙirga kason tazarorin da ba su da komai, kuma ta yarda da tazara marar iyaka.

Mai Sikeli ba ya jin bayanin baki. Sai ya kunna umarnin ANALYZE, PostgreSQL ta ɗebo samfurin layi 30,000 kamar yadda aka saita ta tun asali, sannan ya jera ƙiyasi da abin da ya fito a zahiri. Tun da fitowa ta 17 ta PostgreSQL ta bayyana ƙididdigar tazara a jadawalin pg_stats a 2024, ko Aubameyang ne zai buga fanareti ba ya ɗaga kai.

Na ƙarshe Ɗan Tarihi. Duk shawarar da aka kawo, an taɓa gwadawa an watsar. «Tom Lane ba zai yarda ba,» in ji shi, yana nufin wani jigo a masu rubuta PostgreSQL, da muryar wanda suka yi makarantar allo tare. Gyaran da aka miƙa masa tun farkon damina yana nan bai buɗe ba.