Majalisar Abokan Ango a Ƙaramar Kasuwa

Duk wanda ya saba bi ta wajen Ƙaramar Kasuwa ta Yamai, wadda masu Faransanci ke kira Petit Marché, Zabarmawa kuma Habu Ganda, tsakanin la'asar da magariba, ba zai rasa ganin wasu samari a kan bencin mai shayi ba, ɗaya riƙe da littafi da biro, sauran suna magana gaba ɗaya ba mai sauraron wani. To, waɗannan abokan ango ne, suna shawarar yadda za su raka ɗan'uwansu ya yi ban kwana da samartaka ran Asabar da Lahadin da suka gabaci ɗaurin aure. Gobarar shekarar 2012 ta cinye rumfunan kasuwar, amma ba ta kori mahauta da masu tumatir da albasar Galmi daga titunan da ke kewaye da ita ba, kuma da yake babu shagalin da ba ya farawa da cefane, nan majalisar ke zama.

Shugabanta, wanda ba zaɓensa aka yi ba, ƙaddara ce ta faɗa masa, shi ne babban abokin ango, mutum mai haƙuri da tsoron Allah, wanda ya raba kowane shafi na littafinsa gida uku: abin da aka alkawarta, abin da ya shigo hannu, da abin da shi kansa ya ranta kafin a biya shi. Gida na farko cike yake, na biyu fili ne fetal, na uku kuwa shi ke ƙaruwa kullum har sai ya kai bawan Allah ga jinginar da motonsa. Wanda ya fi kowa cika masa gida na farko shi ne mai alkawari, wanda tun ba a buɗe taro da Fatiha ba zai ɗaga murya yadda har mai shayi zai ji, ya ce, "Rubuta ni jika hamsin, ai ango ɗan'uwana ne na jini!" Ran da aka zo karɓa, sai a ji albashi bai faɗo ba; kashegari ya aiko ta waya, rezo ne ba shi da kyau; ran shagali kuwa ga shi nan cikin shadda sabuwa fil, yana tambayar dalilin da ya sa rago ɗaya kaɗai aka yanka.

Amma wanda ya fi cin lokacin majalisa, wanda kuma ni kaina na fi jin daɗin kallo, shi ne masanin makaɗa. A gaskiya yana da uzuri, domin Yamai gari ne da Allah ya tara wa kiɗa daga kusurwa huɗu: ga gurmin Adar, ga molo da takamba na mutanen bakin kogi, ga sarewar Fulani, ga jitar Abzinawa wadda Bombino ya kai Turai da Amurka, ga cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a 1989, ga kuma dandalin Umaru Ganda inda manyan mawaƙa ke cika wuri da jama'a. To, shi wannan masani, in ka ji bayaninsa, duk waɗannan a tafin hannunsa suke. 'Yan Tal National yaransa ne, kira ɗaya zai yi su kwaso jita. Yakubu Mumuni na Mamar Kassey ba ya hura sarewa a gari sai ya tambayi lafiyarsa. Matan Sogha kuwa yayyensa ne, kuɗin taksi kaɗai za a ba su. Daga nan sai musu ya ɓarke, domin Bamaraɗen da ke cikinsu ya rantse ba za a yi ba sai da waƙoƙin Sa'adu Bori, Ba'adare ya ce duk kiɗan da ba na Ɗan Gurmu ba hayaniya ce, Bazabarme ya tsaya a kan Mali Yaro, ƙanen ango kuma, wanda ba a gayyata ba, yana ta ambaton Kaidan Gaskiya daga bayan benci. Bayan an kwashe makonni ana wannan jidali, an kuma bai wa masani kafin alƙalami don ya kai wa mutanensa, abin da ke bayyana ranar Asabar shi ne wani yaro ɗan unguwarsu a kan kabu-kabu, rungume da lasifika biyu, ɗaya ba ta magana sai an buge ta.

Kusa da masanin makaɗa, ko da yake ba sa ga maciji, akwai ustazu, wanda ya yi karatun zaure har ya sauke Risala, ya kuma riƙe mas'alar nan ta Ibn Abi Zaid cewa amsa kiran walimar aure yana tare da sharaɗin kada a sami bayyanannen munkari a wurin. Shawararsa ita ce a maida kuɗin kiɗa ga masu karatun Ishiriniya, a ƙara da wa'azi a kan haƙƙoƙin ma'aurata, kuma in aka duba da adalci ba a rasa hujja a maganarsa, musamman inda ya taɓo israfi da cin bashi don burge mutane. Sai dai da ijma'in majalisa ya saɓa masa, ba ya yin fushi ya tafi gida; shimfiɗa buzunsa yake yi can gefe, daidai inda hayaƙin gashi ke kaɗawa, yana mai kafa hujja da bambancin da malamai suka yi tsakanin wanda sauti ya faɗa wa a kunne da wanda ya kasa kunnen da gangan. Masu lura sun ce babban ɗan yatsansa na ƙafa bai san wannan fatawa ba.

Ranar cefane kuwa ta mai ciniki ce, wanda ya yi imani cewa kowane farashi zalunci ne sai an tabbatar da akasin haka. Zai tsuguna gaban wata dattijuwa mai albasa, ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya shinshina, ya ajiye da alamar baƙin ciki.

"Inna, wannan kashin nawa?"

"Dala ɗari, ɗana."

"Subhanallahi! Inna, ko daga Makka aka kawo ta? Dala sittin."

"Albarka."

"Biki ne fa, Inna, marayan Allah za mu aurar."

Maraya kuwa ubansa na nan da ransa, yana da shago biyu a kasuwar Katako. Haka zai yi ta tafiya yana dawowa, daga mai albasa zuwa mai attarugu, daga mai kilishi zuwa mai giwan ruwa, har rana ta take tsaka, mai taksin da aka tsayar ya ninka kuɗinsa saboda jira, naman da aka fara saye ya soma tara ƙuda. Sa'an nan ya fito yana murmushin nasara, ya sanar da jama'a cewa ya rage dala ashirin, ga kuma gyaran tumatir biyu. Baƙon da ya zo daga Kano ko Kwatano don bikin ba ya taimakawa da ɗaukar kaya, aikinsa shi ne faɗin yadda ake yi a can.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa zafi a kan sha'anin ban kwana da samartaka shi ne wanda ya rabu da ita tun da daɗewa, wato magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shi ne ke cewa kwana biyu sun yi kaɗan. Shi ne ke kawo shawarar a hau kwalekwale a haura kogi zuwa tsibirin Bubon a kwana a can, ko a ɗauki mota a je Kure kallon raƙuman dawa, kilomita 60 daga gari, wai don ango ya sha iska, alhali kowa ya san wanda iskar ta yi wa ƙaranci. Yakan ja ango gefe ya yi masa nasiha da murya ƙasa-ƙasa, cewa namiji shi ne mai gida, kada ya yarda a saba tambayarsa inda ya je. Ana idar da sallar isha'i wayarsa za ta yi ƙara, ya miƙe tsaye kamar soja ya ga hafsa, a ji yana cewa, "Na'am, Hajiya, ga ni nan kan hanya, burodin ne na tsaya saye."

Shi kuwa ango, wanda dominsa aka tara wannan jama'a, yana can ƙarshen benci da kofin shayin da ya huce, yana lissafin akwatunan lefe da kuɗin hayar ɗaki da goron ɗaurin aure, kuma in da za a tambaye shi abin da yake so, da ya ce a bar shi ya yi barcin wuni ɗaya. Ba a tambayarsa, in ya buɗe baki sai a ce, "Kai dai yi shiru, ango, komi an gama." Na san wata majalisa da ta tsara tafiyarta tsaf, aka loda rago da gawayi da butar shayi da lasifika mai magana a jirgin ruwa, aka tashi daga gindin Gadar Kennedy bayan azahar, magidanci a gaba, ustazu a baya da carbinsa, sai da aka yi nisa, babban aboki ya buɗe littafi yana kiran suna don raba kuɗin mai jirgi, aka tarar kowa ya ɗauka wani ne zai biya ya ɗauko ango. Yana can shagon tela tun hantsi, yana jiran a sa wa babbar rigarsa aljihu.