Ƙofar ƙarfe, mabuɗi a aljihun wani

Na san tun da kuka ji zancen jirgin ruwa zan yi, wasunku sun taɓe baki. "Shi kuma wannan, ina Bangi ina jirgin ruwa?" Na ji ku. Musamman ku taubasaina na bakin kasuwa, da ruwan da ya fi girma a cikin waɗanda kuka taɓa ƙetarewa shi ne na Tarka ranar da damina ta yi fushi, shi ma sai da kuka naɗe wando kuna salati. To, ku gyara zama, yau ƙofa za mu yi wa magana, kuma ƙofa kowa yana da ita, ko da ta kara ce.

Jirgin da nake nufi ba kwalekwale ba ne. Gari ne guda ake ɗorawa a kan teku, mutane su biya kuɗi don kawai su ci, su kwanta, su kalli ruwa. Akwai wani mai suna Icon of the Seas da ya fara ɗaukar fasinja daga Miami ta Amurka a Janairun 2024: tsawonsa ya kai wajen mita 365, hawa 20, yana iya cin fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Wanda na shiga ni bai kai wannan ba, kada ku ce na ƙara gishiri. Ɗan ƙanena da ke aiki a Italiya ne ya biya mini kwana huɗu daga Jenowa. Hoton yana nan cikin waya, Alhaji, ba sai ka sa ni rantsuwa ba.

Ƙofar ɗakin ƙarfe ce, mai nauyi, kana sakinta ta koma da kanta ta ce ƙyas. Bangon ma ƙarfe ne, har mutane na zuwa da maganaɗisu su manna, su rataye hula. Ba mabuɗi, sai wani ɗan kati irin na banki. Da shi za ka buɗe ɗaki, da shi za ka sayi lemo, da shi ake sanin ka sauka ko ka dawo. Ba a rubuta lambar ɗakina a jikinsa ba, don in ya faɗi kada wanda ya tsinta ya san ƙofar da zai nufa. A tsakiyar ƙyauren kuma ga 'yar huda mai gilashi, ka leƙa ka ga mai ƙwanƙwasawa shi bai gan ka ba. Na ce a raina, yau dai ɗan Bangi ya samu sirri.

Daren farko na gama cin abinci, na ce bari in ajiye faranti a bakin ƙofa. Taku biyu na yi. Ƙyas! Ga ni a waje, daga ni sai singileti da zanen da na ɗaura, ƙafa ba takalmi, katin yana can kan gado yana hutawa. Lungun nan dogo kamar hanyar Madawa zuwa Ƙonni, ƙofofi duk uwa ɗaya uba ɗaya. Wata tsohuwar Baturiya ta wuce ta yi mini murmushi, ni ma na yi mata, ina riƙe da bakin zane da hannu biyu. Can sai ga yaron da ke gyara ɗakuna, ɗan ƙasar Filifin, mai fara'a. Ya zaro nasa katin, ya kanga, ƙofa ta buɗe kafin in gama bayani. Na yi ta sa masa albarka. Sai da na kwanta tunanin ya zo mini: ashe wannan ƙofar da nake taƙama da ita, kullum mabuɗinta yana aljihun wani.

Ku yi dariyarku, amma abin ya wuce ni. A Amurka sai da majalisa ta zauna a kan ƙofofin nan, bayan koke-koke kan cin zarafin fasinjoji da ɓatan wasu a tsakiyar teku. A Yulin 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta hudar leƙe a ƙofar kowane ɗaki, ta ce sababbin jirage su sa sakata ta ciki da kati mai wa'adi, kuma kamfani ya ƙayyade wane ma'aikaci ne zai shiga ɗakin fasinja, a wane lokaci. Duk da haka, a 2024 aka kama wani mai gyaran ɗaki a jirgin Symphony of the Seas yana ɓoye kyamara a makewayin mutane, kotu ta yanke masa shekara 30. Bai fasa ƙofa ba. Da katin aikinsa ya shiga.

Na ji wani daga baya yana cewa, "To ka danne ta da turmi mana." Baffa, ina turmi a teku? Ko da akwai, ba za a bar ka ba, kuma da gaskiyarsu. Ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio, ya kwanta a gefe, mutum 32 suka rasu. A irin wannan dare ma'aikata ɗaki-ɗaki suke bi suna neman wanda ya rage, kuma ƙofar da kai kaɗai ke iya buɗewa ba za ka so ta ba. Dole wani ya riƙe mabuɗi.

Yanzu kun fara hura hanci, wai asabarinku ya fi. Ta wani ɓangare na yarda. Zaure da "Ba shiga" da aka rubuta da gawayi sun tsare gidaje da yawa daga nan har Buza da Keita, ba kati ba lantarki. Baƙo ya tsaya ya yi sallama, a tura yaro ciki, yaro ya dawo ya ce, "Wai ya ce ba ya nan." Baƙo ya haɗiye, ya juya. Babu ƙarfen da zai yi wannan aiki. Amma sirri? Ku bari kawai. Dangar kara ce tsakaninku da maƙwabta. Sun san ranar da aka sa nama a miya, sun san abin da uwargida ta faɗa wa amarya daren jiya, har suna gyara wa mai ba da labari inda ya yi kuskure.

Maganar mabuɗi kuwa, kada ku ma fara. Yaro ya gama girbi, ya ɗaure jaka zai tafi ci-rani Abijan ko Ikko. Ya sayi kwaɗo ɗan Sin na ɗari biyar, ya datse ɗakinsa, ya ja sau uku ya tabbata ya kama, sannan ya miƙa wa Inna mabuɗi. Ya dawo gab da damina ya tarar an jibge buhunan albasa a kan gadonsa, rediyonsa tana hannun ƙane, takalminsa na sallah ya je biki uku ba da shi ba. Ya tambaya, a ce, "Ai ba wanda ya shiga." Ƙofar jirgi dai tana rubuta katin wa ya buɗe ta da ƙarfe nawa, ga kyamara a lungu tana shaida. Inna ba ta ajiye littafi, kuma wa ya isa ya tuhume ta?

Sauran kwana ukun na yi hankali. In ina ciki, sakata. In an ƙwanƙwasa, sai na leƙa. Fasfo da 'yan kuɗina suna cikin akwatin ƙarfe mai lamba da ke cikin durowa. Katin kuwa na sa masa igiya na rataya a wuya kamar laya, har wanka da shi nake shiga. Waya ma na daina yi a baranda, tun da na ji maƙwabcina yana tari kamar a ɗakina yake.

Kai kuma taubashi mai cewa sai ka gani da idonka za ka yarda, mabuɗin da na bar maka ranar da zan tafi, har yau ina jira. Ka haɗo da tabarmar da butar.